Baƙon da ya tafi kafin a shimfiɗa masa tabarma

A shekarun da na yi ina koyar da fiziks a sakandare, duk ranar da muka iso darasin madubi da gilashi nakan rubuta lambobi biyu a allo, 1604 da 1608, in bar yara su yi ta canki-canki. A watan Oktoba na 1604 wani tauraro ya ɓullo a inda ba a taɓa ganin tauraro ba. In ban da Zara, babu tauraron da ya kai shi haske, kuma Johannes Kepler ya yi shekara guda yana bin sa daga birnin Prague har ya dushe. A 1608 wani mai haɗa tabarau a Holan, Hans Lipperhey, ya kai wa hukuma madubin hangen nesa yana neman takardar mallaka. Shekara ta zagayo, Galileo ya ɗaga nasa sama. Tun daga ranar har yau ba a sake ganin tauraro ya fashe a cikin garken taurarin da ranarmu take ciki ba. Da shekara huɗu kacal aka yi saɓani.

Mutanen Sin na da can suna ce wa irin wannan baƙon tauraro, kuma sunan ya fi mini daɗi a baki a kan sufanoba na masana. Wanda ya fi kowanne haske a tarihi ya zo ne a 1006, wato 396 bayan Hijira. Ali ibn Ridwan, wanda daga baya ya zama babban likita a Alkahira, yana saurayi a lokacin. Ya rubuta cewa girmansa ya ninka na Zara sau biyu da rabi zuwa uku, har sararin wajen ya yi haske. Ta kudu ya fito, don haka a ƙasar Hausa ya fi tashi sama a kan yadda ya tashi a Masar. Nakan tuna da wannan idan na kwanta a tsakar gida lokacin bazara. Na 1054 kuwa, malaman fadar Sin sun ƙirga masa kwana 23 ana ganinsa da rana tsaka. Ya fito ne a yankin saman da Kaza da 'ya'yanta suke, kuma ɓurɓushinsa na nan, wani gajimare da ake wa laƙabi da ƙaguwa. Na 1572 shi ya tayar da ƙura a Turai, don Tycho Brahe ya auna ya nuna cewa ya fi wata nisa ƙwarai, alhali malamansu sun gada daga Aristotle cewa babu abin da ke sauyawa a can.

Duk waɗannan da ido tsirara aka gan su. Abin da madubi ya fara yi shi ne nuna mana cewa ba mu san nisan komai ba. A watan Agusta na 1885 Ernst Hartwig ya ga sabon tauraro a cikin wani ɗan farin tabo da ake kira Andromeda. Aka ɗauke shi ƙaramin abu, don ana zaton tabon a bayan gidanmu yake. Sai da aka hau da madubi mai faɗin inci 100 kan Dutsen Wilson a Kalifoniya a 1917, sannan Edwin Hubble ya yi aiki da shi a 1923 ya gano cewa Andromeda garke ne mai zaman kansa. Yau an san haskensa yakan yi shekara miliyan biyu da rabi a hanya. To, tauraro ɗaya da za a hango daga can, wace irin wuta ce ta ci shi?

Mutum biyu suka amsa a 1934: Walter Baade, Bajamushe, da Fritz Zwicky ɗan Suwizalan, wanda abokan aikinsa suka shaide shi da kaifin ƙwaƙwalwa da kaifin harshe. Yadda nakan fassara wa yara shi ne, tauraro kokawa ce tsakanin nauyinsa da ke danna shi ciki da wutarsa da ke tura shi waje. Babban tauraro, wanda ya ninka rana sau takwas ko fiye, yakan ƙona makamashinsa har cikinsa ya zama ƙarfe, kuma ƙarfe ba ya ba da wuta. Cikin ƙasa da daƙiƙa guda sai cikin ya rufta ya dunƙule, faɗinsa bai fi kilomita 20 ba, sauran jikin ya tarwatse. Baade da Zwicky sun yi hasashen wannan dunƙulen shekara biyu kacal bayan gano ƙwayar niyutiron, aka yi musu kallon masu tatsuniya. A 1968 aka same shi a tsakiyar gajimaren 1054, yana juyawa sau 30 a daƙiƙa.

Akwai abin da na daɗe ina jayayya da littattafai a kansa. Sukan ba manyan madubai duka yabon. Madubin inci 200 na Palomar, wanda aka zuba gilashinsa a 1934 ya yi wata goma yana hucewa, aka buɗe shi a 1948, ya cancanci suna. Amma babban madubi kamar leƙe ne ta kafar allura: ka ga nesa, ba ka ga faɗi ba. Zwicky da ɗan madubin inci 18 ya fara farauta a 1936, yana ɗaukar hoton sama yana kwatantawa da na baya, kuma kafin ya mutu ya gano fashewa fiye da 120. Ƙaramin ne mafarauci, babban mahauci ne da ke feɗe abin da aka kawo. Har wani fasto a Ostareliya, Robert Evans, ya gano 42 da idonsa a madubinsa na gida, don ya haddace kamannin garkuna fiye da dubu. Shi kuwa Baade, a yaƙin duniya na biyu an hana shi yawo a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba, aka kuma rage fitilun Los Angeles don tsoron hari, sai ya samu sama baƙi ƙirin da babban madubi kusan shi kaɗai. Mu da ake ɗauke wa wuta kullum, kyauta muke samun abin da yaƙi ya ba shi.

Baƙo mafi kusa tun zamanin Kepler ya zo daren 23 ga Fabrairu, 1987, a wani ƙaramin garke maƙwabcinmu, tafiyar haske ta shekara 168,000. Ian Shelton ya gan shi a hoton da ya wanke a Las Campanas ta ƙasar Cile. Oscar Duhalde, ma'aikacin wurin, ya riga ya lura da shi da ido sa'ad da ya fita waje. Sa'o'i kafin hasken ya iso, tankunan ruwa da ke ƙarƙashin ƙasa a Japan da Amurka, da wata na'ura a Tarayyar Sobiyet, sun kama ƙwayoyin niyutirino ashirin da 'yan kai cikin daƙiƙa 13, shaidar ruftawar cikin tauraron. A rediyo na ji labarin. Na fita bayan gari da dare, amma daga wajenmu wurin bai fi digiri tara ba a saman ƙasa ta kudu, ga hazo. Sanyi kawai na kwaso.

Sauran labarin ya shahara. Akwai wata irin fashewa ta ƙaramin mataccen tauraro wadda haskenta kusan ɗaya ne a ko'ina, kamar fitilu 'yan kamfani guda, don haka dushewarta ke faɗin nisanta. Da madubin Keck mai faɗin mita 10 a Hawai da madubin Hubble da ke sararin samaniya, ƙungiyoyi biyu suka gano a 1998 cewa buɗewar sammai ƙara sauri take yi, abin da ya kai masana uku daga cikinsu, Perlmutter da Schmidt da Riess, ga kyautar Nobel a 2011. A watan Yuni na 2025 sabon madubin Vera Rubin a Cile, mai faɗin mita 8.4, ya fitar da hotunansa na farko, kuma an gina shi ne ya haɗa farauta da fiɗa.

Masana sun ƙiyasta cewa a garkenmu tauraro ɗaya ko biyu ke fashewa a kowace shekara ɗari, ƙura ce ke ɓoye mana su. Idan wani ya fashe kusa, haskensa zai yi wa manyan madubai yawa, ido ne zai more. Don haka idan an ɗauke wuta a daren hunturu, ka nemi taurari ukun nan da suke jere a layi, ka duba jan da ke arewa da su. Sunansa Betelgeuse, kuma yana cikin waɗanda ake jira.