Shin Wilt Chamberlain Marowaci Ne?

Hausawa suka ce laifin babba rowa. Wannan laifi ne 'yan kallon ƙwallon kwando a Amurka suka ɗora wa Wilt Chamberlain (1936–1999), wai in ƙwallo ya shiga hannunsa sai kwando, bai san da abokan wasa ba. Ni kam ban yarda ba, kuma ina roƙon mai karatu ya biyo ni mu duba tarihi.

Babbar hujjarsu ita ce daren 2 ga Maris, 1962, da ya ci maki 100 shi kaɗai a karawar ƙungiyarsa ta Filadelfiya da ta New York. Jifa 63 ya yi, in ji su, ina sauran mutum huɗun? To, amma 36 daga ciki sun shiga, watau fiye da rabi, aka tashi 169 da 147. Mutum mai ƙafa bakwai da inci ɗaya yana gindin kwando, wa ya fi shi cancantar jifa? Kuma shi ba ya kawo wa kansa ƙwallo daga baya. Abokan wasan nan da ake tausaya wa su suke miƙo masa, bisa tsarin mai horar da su, Frank McGuire.

Da aka sake tsari sai ya sake hali. A kakar 1966–67 Alex Hannum ya nemi ya rage jifa ya riƙa rarraba ƙwallo, tun da ga irin su Hal Greer da Chet Walker. Makinsa a kowane wasa ya sauko zuwa 24, alhali a 1961–62 yana cin 50. Suka ci wasa 68 cikin 81, suka kawar da Boston wadda ta riƙe kofi shekara takwas a jere, suka ɗauka. A kakar da ta biyo ba wanda ya kai shi yawan miƙa ƙwallon da aka ci, har 702.

Sai masu suka suka juya, wai don neman suna yake miƙawa. Ikon Allah! Ya jefa an ce rowa, ya bayar an ce riya. A 1971–72 kuwa, yana Los Anjelis, ya bar wa Jerry West da Gail Goodrich cin maki, shi ya tsaya ga tsaron gida da cafe ƙwallon da ya kuskure kwando. Suka ci wasa 33 a jere, suka ɗauki kofin shekarar.