Amsoshin Takardunku: Tarihin Maganin Jinin Cibiya

Wani manomi mai sauraronmu ya rubuto cewa ɗansa ya shekara huɗu bai zauna ba, ko wuyansa bai tsaya ba. An gaya masa a ƙasashen waje ana ƙara wa irin waɗannan yara jinin cibiya su miƙe. Yana tambaya: ina asalin maganin, kuma ya sayar da gona ya kai yaron?

To Malam, Allah ya ba shi lafiya. Bisa kwatancenka, wannan ba shan-inna ba ce. Lahani ne da kan sami ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki, ko wajen doguwar naƙuda, ko bayan shawara mai tsanani ko sanƙarau. Wani likitan Ingila, William Little, ya yi bayaninsa tun a 1861.

Shi kuwa jinin da kan rage cikin cibiya da mabiyiya, wadda mu nan mukan binne, yana ɗauke da wasu ƙwayoyin halitta masu kama da iri, su ke haifar da sabon jini. A 1988 ne a birnin Paris Dokta Eliane Gluckman ta fara ƙara wa wani yaro ɗan shekara 5 jinin cibiyar ƙanwarsa, kuma ya rayu. Amma fa ka lura, ciwon jini gare shi, ba na ƙwaƙwalwa ba.

Daga baya Dokta Joanne Kurtzberg ta Jami'ar Duke a Amurka ta jarraba shi kan masu irin lalurar ɗanka. Yara 63 ne, daga shekara 1 zuwa 6, kowanne da jinin cibiyarsa da aka adana ranar haihuwa. Da sakamako ya fito a 2017, ba a ga bambancin kirki ba tsakanin waɗanda aka yi wa ƙarin da waɗanda ba a yi wa ba. Sai dai waɗanda suka sami ƙwayoyin da yawa, motsinsu ya ɗan ƙara kyau. Sauƙi aka gani, ba warkewa ba. Hukumar magunguna ta Amurka ma ba ta amince da shi a matsayin maganin wannan lalura ba, yana nan a matakin gwaji.

Saboda haka Malam, riƙe gonarka. Duk wanda ya ce kawo kuɗi yaro zai tashi da gudu, ya faɗi abin da su masu binciken ba su faɗa ba. Ka kai shi babban asibiti, likitan yara ya duba shi, sannan sashen motsa gaɓoɓi su koya wa mahaifiyarsa yadda za ta riƙa yi masa kullum a gida. Da fatan ka gamsu.