Bindigar Adaka a Kudancin Katsina: Tarihin Makamin da Maƙera Suka Mallake

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Karfi, ko Malumfashi, ko Funtuwa da ƙauyukan da ke kewaye da su, ya san bindigar nan mai dogon baki wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a danna da sanda, a harba sau ɗaya, sa'an nan a koma ɗuri. Ana kiranta adaka, wasu su ce bindigar toka, masu barkwanci kuwa su ce harba-ka-ruga, watau in ka saki harbin nan guda, sauran aikin na ƙafa ne. Tambayar da wannan lacca za ta bi ita ce: me ya sa makamin da sojojin Turai suka ajiye tun cikin ƙarni na 19 yake nan daram a hannun manomi? Amsar ba ta cikin ƙarfin bindigar. Abu biyu ne suka raya ta: maƙeri ya iya ƙera ta, hukuma kuma ta bar talaka da ita domin rauninta.

Zuwan Bindiga Ƙasar Hausa

Bindiga ta shigo ƙasashen Sudan ta hanya biyu, ta hamada da ta teku. Ta hamada ce ta riga. Limam Ahmad ɗan Fartuwa ya rubuta cewa Mai Idris Aloma na Barno, a ƙarshen ƙarni na 16, yana da 'yan bindiga Turkawa a rundunarsa. A 1591 kuma rundunar Maroko ƙarƙashin Judar Pasha ta karya daular Songhai a Tondibi, ga ta ba yawa, amma tana riƙe da bindigogi. A ƙasar Hausa kuwa, littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi daga Nufe, Babba Zaki kuma, 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki.

Ambaton Nufe yana nuni ga hanya ta biyu. Turawa masu ciniki a bakin teku suna sayar da bindigogi masu arha, ana musanya su da bayi da zinariya da hauren giwa, su yi ta sauya hannu har su iso arewa. Ingilishi suka laƙaba wa irin wannan bindiga sunan mutanen Danmak, saboda fataken ƙasar da ke zaune a gidan Christiansborg kusa da Ankara, ko da yake da yawa daga cikinsu a Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam aka ƙera su.

Bindiga a Fagen Yaƙi

Bai kamata a zaci cewa da zuwanta ta kori baka da doki ba. A Tabkin Kwatto, 1804, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kwari da baka suka rinjayi dawakin Gobir. A 1826 Baturen nan Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye birnin Gobirawa, mutum dubbai, amma masu bindiga ba su kai 50 ba.

Dalilin haka yana cikin ƙirar makamin. Sai a zuba albarushi, a danna, a zuba harsashi, a sake dannawa. In aka ja kunama, ƙanƙara ta bugi ƙarfe, tartsatsi ya faɗa cikin ɗan albarushin da ke gefe, wuta ta ratsa ciki. Sojan Turai mai horo yakan yi harbi biyu ko uku a minti guda. Maharbi mai baka kuwa ya saki kibau da dama kafin nan, ga dafi a bakinsu. In damina ta faɗi, albarushi ya sha sanyi, bindiga ta koma sanda. Cikin bakinta kuma sumul yake, babu layukan nan masu murɗa harsashi ya tafi sak, don haka abin da ya wuce taki kaɗan sai dai sa'a. Amfaninta mafi girma shi ne ƙara da hayaƙi, masu firgita doki da mahayinsa.

Sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 bindiga ta yawaita. Etsu Masaba na Bida ya tara ta daga fataken Ingilishi a kogin Kwara. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa aka riƙa haɗa albarushi da zuba igwa a cikin birninsa. A wannan zamani kudancin Katsina yana shan hare-haren Maraɗawa, waɗanda ke ratso dajin Rugu su faɗa wa garuruwa. Ganuwa da gwalalo da maharba su ne kariyar mutanen ƙasar Galadima da ƙasar Maska. Bindiga kuwa kayan fada ce, sarakuna kan damƙa ta ga amintattun bayinsu.

Dokar da Ta Raba Bindiga Gida Biyu

A 1890 ƙasashen Turai suka taru a Brussels suka sa hannu a kan wata yarjejeniya. Cikin sharuɗɗanta akwai hana sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani masu ɗuri ta baya, amma aka bar ƙofa ga bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa. Hujjar da aka bayar ita ce kashe cinikin bayi. Sakamakon kuwa ya bayyana a 1903, sa'ad da sojojin Lugard suka ci Kano a watan Fabrairu, Sakkwato a watan Maris, suna janye da bindigar Maxim mai aman ɗaruruwan harsasai a minti guda. Katsina ta miƙa wuya a shekarar ba tare da faɗa ba.

Wannan rabo bai tafi tare da Turawa ba. Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku: waɗanda aka haramta, da waɗanda mutum zai iya riƙewa da lasisi, da masu ɗuri ta baki, waɗanda sharuɗɗansu suka fi sauƙi. Dokar ta kuma hana ƙera bindiga ba da izinin hukuma ba. Ke nan adaka ta sami gurbi a doka, maƙerinta kuwa ya zauna a bakin iyaka.

Yadda Maƙera Suka Mallake Ta

Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar Katsina. Maƙeran baƙi sun daɗe suna narka tama, suna ƙera fartanya da gatari da kan kibiya, a ƙarƙashin Sarkin Maƙera. Da bindiga ta zo, gyara suka fara: sauya kunama, ɗaure ƙotar da ta tsage, gyara mazaunin ƙanƙara. Wanda ya daɗe yana kwance abu yana ɗaurawa kuwa, wata rana sai ya ƙera irinsa.

Abin da ya gagara shi ne bakin bindigar, domin samun dogon bututu mai kauri ɗaya daga sama har ƙasa ba aikin guduma da zugazugi ba ne. Zamanin Turawa ne ya warware wannan, ba da niyya ba. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, ya kai Ƙaurar Namoda a 1929. Cinikin auduga ya bunƙasa, injinan gurza suka kafu a Funtuwa da Malumfashi, manyan motoci suka cika hanya. Tsoffin ƙarafan motoci da bututun ruwa suka wadata a kasuwa. Narka tama ya mutu, ƙirar bindiga ta samu. Sai dai ƙarfen da ba don wuta aka yi shi ba yakan ci amana, bindiga ta fashe ta tafi da yatsu ko idon mai ita, musamman in an cika mata ɗuri.

Daga nan adaka ta bar fada ta shiga ƙauye. Maharba suka riƙe ta a farautar rani. Manomi ya riƙe ta domin birai da gyadon da ke ɓarnar dawa da masara. A fada kuma ta koma kayan ado, 'yan bindiga suna sakin ta a hawan Salla da naɗin sarauta, albarushi zalla ba harsashi.

Yana da kyau a kwatanta da Amurka. A can maƙera 'yan asalin Jamus da suka zauna a Pennsylvania a ƙarni na 18 sun ƙera doguwar bindiga mai layuka a ciki, wadda ke samun abu daga nesa. Da zamaninta ya wuce, sai ta zama abin sha'awa. A 1933 aka kafa ƙungiyar masu harbin bindiga mai ɗuri ta baki, wadda ke gasar saiti a garin Friendship na jihar Indiana. Mutum ya yi ritaya, ko yana jinya a gida, sai ya shafe watanni yana fiƙe ƙota yana goge ƙarfe, don kawai ya huda takarda. Makami iri ɗaya, amma can nishaɗi ya raya shi, nan kuwa bukata.

Nauyin da Ya Fi Ƙarfinta

Tun daga shekarun 2010 satar shanu da satar mutane suka addabi Faskari, Sabuwa, Ɗandume, Ƙanƙara har zuwa ƙasar Malumfashi. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Maharan suna riƙe da AK-47 mai cin harsashi 30, 'yan sintirin ƙauye kuwa da adaka suka fito, da babu gwamma ba daɗi. Harshe ma ya ba da shaida: kalmar 'yan bindiga, wadda a da take nufin bayin sarki masu ƙawata hawa, ta koma sunan ɓarayin daji. A Oktoban 2023 gwamnatin Jihar Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma domin tallafa wa jami'an tsaro.

Kammalawa

Tarihin nan yana da darasi ga ɗalibai da ma'aikatan hukuma. Bindigar adaka ba ta taɓa zama makamin da ke yanke yaƙi ba, ko a 1826, ko a 1903. An bar wa talaka ita bisa wani alkawari da ba a rubuta ba, cewa shi ya ji da birai, hukuma ta ji da maƙiya. Duk ranar da aka ga manomin Karfi ya kwana a bakin gari yana rungume da harba-ka-ruga, ba fasahar maƙeri ce abin dubawa ba, illa wancan alkawari, da wanda ya rataya a wuyansa.