Tesker: tarihin kujera guda a majalisar dokoki

 Yau tarihinmu zai kai mu arewa maso gabashin jahar Damagaram, can bayan Gure, inda rairayi ya fi gona yawa: Tesker.

Ƙasar makiyaya ce. Tubawa, Larabawa, Abzinawa da Fulani ke zaune cikinta, rayuwarsu na bin rijiya da ciyawa, arzikinsu raƙumi da bisashe. Duwatsun Termit na wannan yanki, kuma a 2012 gwamnati ta kafa gandun dajin Termit da Tin-Tumma domin kare barewa da sauran namun daji. Tesker ta daɗe ƙarƙashin Gure, sai a 2011 ta zama gunduma mai prefe nata, lokacin da gundumomin Nijar suka tashi daga 36 zuwa 63. Ƙidayar 2012 ta ba ta mutum wajen dubu 37. Ƙasa ga ta har ido ya gaji, mutane kuwa kaɗan.

To, nan ne batun zaɓe ya shigo. A tsarin da muke bi kafin juyin mulkin 2023, jaha gaba ɗayanta ita ce mazaɓa. Kowace jam'iyya ta kawo jerin sunayenta, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da ta samu. Wanda ke tsara jerin nan, ina zai duba? Inda jama'a take mana: Mirriya, Magarya, Matamai, birnin Zinder. In da haka aka bar abin, ƙuri'ar Tesker sai ta ɓace kamar an zuba gishiri a tafki.

Shi ya sa bayan Taron Ƙasa na 1991, da aka koma siyasar jam'iyyu da yawa, aka ware mazaɓu takwas na musamman, kowace da depite guda: Tesker a Damagaram, Bermo a Maraɗi, Tassara a Tawa, Ngurti a Diffa, Bilma a Agadas, sai Banibangu, Bankilare da Torodi a Tilaberi. Daga baya kujerar Torodi ta koma da sunan Makalondi. A waɗannan wurare babu rabon kujeru. Zagaye ɗaya ne, wanda ya fi ƙuri'a shi ya ci. Kuma kujerar ta yanki ce, ba a rubuta sunan wata ƙabila bisa takardar zaɓe ba.

Zaɓen farko ma bai zo da sauƙi ba. An kaɗa ƙuri'a a Fabrairun 1993 tare da sauran ƙasa, Kotun Ƙoli ta soke sakamakon Tesker, aka sake a watan Afrilu. Wanda ya ci shi ne wani malamin falsafa, ɗan ƙungiyar malamai, Balarabe da ya tashi a yankin: Mohamed Bazoum na PNDS-Tarayya. Ku tuna, a wannan lokacin Damagaram gidan CDS-Rahama ne, ɗanta Mahamane Ousmane ya zama shugaban ƙasa a shekarar. Majalisar na da kujeru 83: MNSD 29, CDS 22, PNDS 13, ANDP 11. A majalisa irin wannan, da sai an haɗa ƙawance kafin a kafa gwamnati, kujera guda ba abin wasa ba ce.

Bazoum ya sake cin kujerar a 2004, 2011 da 2016. Sai dai ga abin da mutane da dama ba su lura da shi ba: dokar wancan lokacin ba ta yarda mutum ya zama minista da depite lokaci guda ba. Daga 2011 ya riƙe harkokin waje, daga 2016 ya riƙe cikin gida, don haka wanda aka zaɓa a matsayin madadinsa ne ke zama a kujerar. A 2021 ɗan mazaɓar Tesker ya kara da Mahamane Ousmane a zagaye na biyu, aka rantsar da shi ranar 2 ga Afrilu. Ƙaramar mazaɓa ta kai mutum har fadar shugaban ƙasa.

Kujerar ta sha yankewa kamar yadda majalisar kanta ta sha: juyin mulkin 1996, na 1999, rushewar 2009 lokacin tazarce, na 2010, sai na 26 ga Yulin 2023. Amma duk sa'ad da aka dawo zaɓe, takwas ɗin nan na nan. Abin da ya sauya shi ne nauyinsu. Kujeru sun tashi daga 83 zuwa 113 a 2004, suka kai 171 a 2016, har da biyar na 'yan ƙasa mazauna waje. Na musamman ba su ƙaru ba. A 1993 kusan depite ɗaya cikin goma daga can yake fitowa, a 2016 bai kai ɗaya cikin ashirin ba.

Ra'ayi ya kasu. Wasu na cewa ba adalci ba ne mutum dubu 37 su samu kujera, alhali gundumar kudu mai ɗaruruwan dubbai ba ta da tata ta kanta. Wasu na cewa rijiyar makiyayi, hanyar dabbobi, likita da makarantar 'ya'yansa, in ba nasu ne ya tashi a Yamai ya faɗa ba, wa zai faɗa? Su dai sun san ciwon ɗan yatsa, jiki duka ke jinsa.

Yanzu babu majalisar zaɓaɓɓu, jam'iyyu ma an rushe su a 2025. Amma ranar da za a zauna rubuta sabuwar dokar zaɓe, maganar Tesker, Bermo da Tassara za ta dawo kan tebur: a bar su takwas, a ƙara, ko a share? Gara mu san tarihinsu tun yanzu, kada a yanke mu ji daga baya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.