Zakouma: Dajin da Giwayensa Suka Daina Haihuwa

Da yawa daga cikinmu mazauna Chadi mun fi sanin sunan Serengeti ta ƙasar Tanzaniya, wadda muke gani a talabijin, fiye da sunan Zakouma da ke cikin ƙasarmu. Alhali kuwa wanda ya tashi daga Injamena ya bi ta Mongo ya nufi Am Timan, tafiyar kilomita kusan 800, zai iske kansa a bakin wani daji mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 3,000 wanda tarihinsa ya cancanci a zauna a saurara.

Yankin Salamat shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai baƙar laka. Idan damina ta kankama, daga wajen watan Yuni, kogin Bahr Salamat da rassansa sukan tumbatsa su malale fadamu, hanyoyi su yanke, namun daji su bazu zuwa tudu nesa da gandun. Ruwa na janyewa manoma su dasa masakwa a kan lakar, makiyaya Larabawa su gangaro daga arewa da shanu da raƙuma, dabbobin dawa kuma su dawo su taru a bakin tafkunan da ba su ƙafe ba. Wannan kai da komo na kowace shekara shi ne ginshiƙin rayuwar wurin, kuma shi ne ya zame wa giwaye tarko daga baya.

Farautar haure a wannan sashe tsohuwar sana'a ce. A ƙarni na 19 Salamat tana ƙarƙashin inuwar daular Wadai, kuma hauren giwa na cikin manyan hajojin da ayarin Wadai ke ɗauka su keta Sahara ta Kufra zuwa Bangazi. Larabawan yankin sun shahara da farautar giwa da raƙumin dawa a kan doki da mashi. Amma mashi yana da iyaka: mutum ya yi wa giwa ɗaya kwanaki, ya sa ransa a hannu, wani lokaci ya dawo hannu rabbana. Bindiga ce ta rushe wannan ma'auni. Turawan mulkin mallaka na Faransa su ma sun mai da kudancin Chadi filin farautar nishaɗi, har dabbobi suka ragu ƙwarai, sannan a 1958 aka keɓe Zakouma a matsayin wurin da aka haramta farauta. Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatin François Tombalbaye ta ɗaga shi zuwa gandun dajin ƙasa a 1963, na farko a Chadi.

Zaman lafiyar bai daɗe ba. Tarzomar Mangalmé ta 1965 a maƙwabciyar Guéra ta buɗe ƙofar yaƙin basasa da ya ci shekaru, kuma inda hukuma ta janye, mai bindiga ne sarki. Karkanda, wadda a da take yawo a wannan daji, an yi mata ganin ƙarshe a cikinsa a 1972. Ɓauna ta ragu har ƙidayar 1986 ta samu kimanin 220 kacal. Daga 1989 Tarayyar Turai ta fara zuba kuɗi domin farfaɗo da gandun, dabbobi suka soma murmurewa, har a 2002 aka ƙiyasta giwaye fiye da 4,000.

Daga nan ne masifar ta auku. Yaƙin Darfur ya ɓarke a 2003, makamai suka yi arha a kan iyaka, farashin haure ya hau a kasuwannin Asiya, ita kuma gwamnatin Injamena hankalinta yana kan 'yan tawayen da suka kai mata hari har cikin birni a 2006 da 2008. Mahaya dawakai ɗauke da manyan bindigogi, akasarinsu daga wajen Sudan, suka riƙa shigowa. Sun san cewa da damina ma'aikatan gandun kan kwashe su bar wurin saboda ambaliya, giwaye kuma su fita waje inda babu mai tsaronsu. Sai su tare garke su buɗe masa wuta ba zaɓi, babba da ƙarami, su sare haure su bar gawarwaki ga ungulu. Cikin shekara takwas giwayen Zakouma suka koma kimanin 450. Wato cikin kowace goma, tara sun tafi.

Abin da ya fi taɓa zuciyata a wannan tarihi shi ne halin da sauran suka shiga. Giwa dabba ce mai zumunci, mai tafiya gida-gida ƙarƙashin jagorancin tsohuwar uwa. Waɗanda suka tsira a Zakouma sai suka watsar da wannan tsari, suka dunƙule wuri guda suka zama garke ɗaya tak, kullum a firgice, kullum cikin gudu. Kuma suka daina haihuwa. A 2011 ɗan giwa ɗaya kawai aka gani wanda bai kai shekara biyar ba. Giwa takan ɗauki ciki wata 22, saboda haka garken da ya yi shekaru babu jarirai yana kan hanyar ƙarewa ko da an ajiye bindiga.

A 2010 gwamnatin Chadi ta damƙa ragamar gandun ga ƙungiyar African Parks. Gyaran da aka yi ba shi da wani sihiri. Aka daina barin daji da damina. Aka share filayen saukar ƙananan jirage, aka ɗaura wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda suke ta tauraron ɗan Adam, ta yadda duk inda garke ya nufa masu gadi a kan dawakai suna biye da shi. Aka raba wa ƙauyukan kewaye rediyon sadarwa, domin mahayan da ke kashe giwa su ne kuma ke ƙwace wa talaka dukiya, kuma baƙon doki ba ya wucewa ba tare da makiyayi ya ga sawunsa ba. A ganina wannan rediyo ya yi aikin da ya kai na bindiga.

Sai dai an biya da jini. A watan Agusta na 2012 masu gadi suka tarwatsa sansanin mafarauta a Heban, arewa da gandun, suka ƙwace dawakai da harsasai. A watan Satumba maharan suka dawo ɗaukar fansa. Suka jira har ma'aikatan suka fito sallar asuba, sannan suka buɗe musu wuta. Mutum shida aka rasa a wannan hari. Allah ya jiƙansu. Duk wanda ya je Zakouma yau ya ga ɗan giwa yana bin uwarsa, ya kamata ya san cewa akwai marayu a Salamat da suka ba da ubanninsu a kan haka.

A 2013 aka fara ganin sababbin jarirai, kuma kafin shekara biyar yawansu ya haura ɗari. A watan Fabrairu na 2014, wajen bikin cikar gandun shekara 50, marigayi Shugaba Idriss Déby ya cinna wa tarin haure fiye da tan ɗaya wuta a bainar jama'a. Ɓaunar da ta kusa ƙarewa ta haura 10,000. Raƙumin dawa irin na Kordofan, wanda ya yi ƙaranci a duniya, kusan rabin abin da ya rage yana Zakouma. Karkanda ce dai ta ba da wuya: an kawo shida daga Afirka ta Kudu a watan Mayu na 2018, huɗu suka mutu cikin 'yan watanni, abin da ya nuna cewa dabbar da aka kawar ba a maido ta da jirgin sama kawai. An sake kawo biyar a ƙarshen 2023.

Mai niyyar zuwa ya nufi rani, tsakanin Disamba da Afrilu, domin da damina a rufe wurin yake. Ƙarshen rani ya fi zafi amma ya fi kallo, saboda ruwa ya ƙure, kowa ya hallara a tafki. Akwai masauki a Tinga, akwai tantuna masu tsada na baƙin ƙetare, an kuma tanadi sansani domin 'yan ƙasa da ɗaliban makarantu. A fadamar Rigueik da sanyin safiya za ka ga gauraka da dinya da kwasakwasa sun rufe bakin ruwa, gwanki da kanki suna kiwo, zaki yana kwance a inuwa yana jiran rabonsa. Da yamma kuma jan-baki, tsuntsun nan da manomin gero ke tsinewa, yakan taso miliyoyi kamar hayaƙin gobara, ya sauka kan reshe har reshen ya karye.

Da dare a tanti, bayan an kashe fitila, kura za ta yi kuka daga nesa, gwaggon biri ya amsa daga kan bishiya. Masu gadi sukan gargaɗi baƙo kada ya fito shi kaɗai, kada ya ajiye abinci a inda yake kwana, kada kuma ya kusanci ruwa domin alwala sai da rakiya, saboda kada. Kusa da hedikwatar gandun, wasu manyan toraye sun saba zuwa shan ruwa da rana tsaka, har sukan miƙa hanci su karɓa daga tiyo a hannun ma'aikaci. Cikinsu akwai waɗanda tabon harsashi ke jikinsu har yanzu.