Daga Bagaruwa zuwa Kiromiyam: Tarihin Jima da Gonakin Wake a Kwarin Haɗeja

Tun zamanin da, fatun Kano sanannu ne. Fatake kan ƙetare hamada da jar fata har Tarabulus, daga can ta shiga kasuwannin Turai. Majema na wancan lokaci da toka da bagaruwa suke jima. Abin da suka zubar kuwa, da yake daga itace ya fito, ƙasa takan cinye shi.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, sai cinikin fata da ƙirgi ya bunƙasa tare da na gyaɗa. Bayan haka aka kakkafa masana'antu a Bompai, daga baya kuma a Sharaɗa da Challawa. Masana'antun jima na zamani da gishirin kiromiyam suke aiki, don ya fi bagaruwa sauri. Shi kiromiyam yana cikin abin da masana ke kira ƙarafa masu nauyi, watau dangin dalma. Ba ya ruɓewa, inda ya kwanta nan yake zama shekara da shekaru.

Abin da ya haɗa wannan batu da ƙasar Jigawa shi ne hanyar ruwa. Dagwalon Sharaɗa da Challawa yakan gangara Kogin Challawa, shi kuma ya gamu da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja, ya wuce Wudil da Ringim, wani reshensa ya nufi Kafin Hausa. Tun da aka gama madatsar Tiga cikin 1974 noman rani ya yaɗu a kwarin, manoma suka riƙa ban ruwa da wannan kogi.

Wake da gyaɗa suna da wata baiwa da gero da dawa ba su da ita. A saiwarsu akwai 'yan ƙulle-ƙulle, inda waɗansu ƙwayoyin halitta ke ɗebo naitirojin daga iska su mai da shi taki. Sabo da haka ne gonar da aka yi wake takan kyautata geron baɗi. To, idan ƙarafan nan suka yi yawa a ƙasa, saiwa takan tsumbure, ƙulle-ƙullen su ragu, ganye ya yi rawaya, kwanso ya ƙaranta. Wani kason ƙarfen kuma yakan hau cikin harawa, dabbobi su ci.

An ga irin ɓarnar dalma a Zamfara cikin 2010, sa'ad da niƙan dutsen zinariya a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ya hallaka yara fiye da 400. A Bagega, cikin 2013, sai da aka kankare ƙasar sama, aka zuba sabuwa. Wannan aiki ya yiwu a tsakar gida, amma ba shi yiwuwa a fadamu masu nisan tafiyar kwanaki. Don haka, tsaron gonar wake ta Kafin Hausa yana farawa ne daga bakin magudanar masana'anta a Kano, a tace dagwalo tun bai shiga kogi ba.