Akwati

akwati [àkwàatì] sn., nmj.; jam. akwatuna [akwaatunàa].

1. Mazubi mai murfi, na katako, ƙarfe ko fata: *akwatin lefe*.

2. (kwamf.) Inda saƙonnin imel ke taruwa: *akwatina ya cika, saƙo ba ya shigowa*. Gmail na ba da GB 15 kyauta, Drive da Photos na ci a ciki. Hotuna da bidiyo suka fi cinye wurin.
(a) ~n shara: inda saƙon da aka goge ke zama kwana 30 kafin Gmail ya share shi, kafin nan yana cin wuri: *zubar da akwatin shara*.
(b) ~n ajiya: inda ake kai tsofaffin saƙonni, misali fayil ɗin .pst na Outlook a kan kwamfuta.

Haɗ.: akwatin gidan waya, akwatin zaɓe. Dubi: ma'aji, saƙo.